RAV4 Hybrid ta kafe min a taɓo sau biyu, me zan gyara kafin Agusta?

Manomin Fadama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da damina. Ina neman masu sani su sa min baki. Bara na sayar da tsohuwar Prado ɗina saboda shan mai, kun dai san tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya shiga taitayinsa. Na sayi RAV4 Hybrid ta 2020, 'yar Amurka. A kan kwalta sai godiya, daga Kano zuwa Hadeja lita ɗaya tana kai ni kilomita 16 zuwa 17. Amma gonar shinkafata tana fadama ta wajen Auyo, kuma daga inda kwalta ta ƙare akwai kamar kilomita shida na burji da laka. Cikin sati uku sau biyu tana kafe min. Na farko matasa suka tura ta fita. Na biyu sai da aka kirawo tarakta, yaron ya ɗaura sarƙa inda ya ga dama, ya fizge min robar gaba ɗungurungum. Abin da ya fi ƙona min rai, ina taka totur har ƙasa amma motar sai ta yi kamar ba da ita nake ba, wata fitila tana ta ƙyaftawa. Wani ya ce in ɗaga ta, wani ya ce in sa mata tayoyin Hilux. Yanzu fa Yuli muke ciki, marka ba ta ma kankama ba.

Sarkin Zolaya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka sayar da Prado ka sayi motar kai yara makaranta, yanzu kuma kana so ta yi maka aikin tarakta. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Manomin Fadama:
Na ji, na karɓa. Amma kai ne za ka riƙa zuba wa Pradon mai? Wata tara na shekara ba ni da matsala da hanyar nan, wata uku ne kawai.

Oga Rewaya:
Alhaji kafin a fara kashe kuɗi, amsa min uku. Wane taya ne a jiki, me aka rubuta a gefensa? Iska nawa mai faci yake sa maka? Sannan ranar da ta kafe ta biyu, me ka ɗauko a but?

Manomin Fadama:
225/65R17, waɗanda ta zo da su ne, zanen ya ɗan ci amma da saura. Iska 45 yake sa min, ya ce saboda ramuka. Ranar kuwa buhu takwas na taki ne, da ni da yara biyu masu aiki.

Oga Rewaya:
To ai ka gama ba kanka amsa. Tayan kwalta da ya ci, an cika shi da iska ya zama kamar dutse, ga kilo 400 na taki, ga mutum uku. Duk abin da aka yarda motar nan ta ɗauka, har da kai direba, wajen rabin tan ne, leƙa takardar da ke liƙe a jikin gambun direba ka gani. A nan ma aka rubuta iskar da ta dace, talatin da 'yan kai ce, ba 45 ba.

Amma bari in yi maka bayanin motar kanta, domin yawancin masu sayenta ba a gaya musu. Prado ɗinka tana da farfela da ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa tayoyin baya, tana kuma da ƙaramar giya ta ja. Wannan ba ta da ko ɗaya. In ka kwanta ƙarƙashinta ba za ka ga farfela ba. Injin fetur da motar lantarki ta gaba, wato injin da ke aiki da wutar batir, su ke juya tayoyin gaba. Na baya kuwa wata ƙaramar motar lantarki ce daban take juya su, wayoyi masu ruwan lemo ne kawai suka haɗa ta da gaba. Ƙarfinta kilowat 40, wato kamar doki 54, alhali motar gaba ɗaya doki 219 ce. A kan santsi da tashi daga tsaye tana taimakawa sosai. Amma in mota mai nauyin kilo 1,700 ta zauna da cikinta a laka ga kaya a bayanta, wannan 'yar motar ba za ta tumɓuke ta ba. Wannan kuma babu bakaniken da zai canza maka shi, haka aka ƙera ta.

Ɗan Kwatano:
Oga ka rage mata daraja da yawa. Toyota da kansu sun ce tana iya kai kashi 80 na ƙarfi baya.

Oga Rewaya:
Sun faɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma kashi 80 na me? Na abin da ake bayarwa a wannan lokacin ne, misali ana tashi a hankali, kwamfuta ta rage wa gaba. Ba kashi 80 na doki 219 ba. Tulu ba ya ɗaukar fiye da cikinsa.

Ɗan Kwatano:
To ni dai shawarata a taƙaice: ya sa tayoyin M/T, wato na laka, masu manyan haƙora, ya ɗaga ta inci biyu. Na yi wa wani kwastoma haka a wata CR-V, yanzu har Mambila yake hawa da ita.

Injiniya:
CR-V daban ce ranka ya daɗe, ko haibirid ɗinta mai jan taya huɗu farfela gare ta. Sannan M/T ga mutumin da kashi tara cikin goma na tafiyarsa kwalta ce? Suna da nauyi, suna da ƙugi, ba sa kama jiƙaƙƙiyar kwalta kamar na hanya, kuma su ne za su cinye man da saboda shi ya sayi motar. A/T, wato tayan kwalta da burji, mai sauƙin nauyi shi ne daidai da ita. Kamfanin ma da ya fitar da samfurin Woodland na RAV4 Hybrid a 2023, Falken Wildpeak A/T Trail ya sa mata, bai sa M/T ba. Akwai Yokohama Geolandar G015, akwai Toyo Open Country. BFGoodrich KO2 taya ne na gaske amma gininsa na motar ɗaukar kaya ne, ya yi mata nauyi.

Ga lissafin girma kuma don kada a ruɗe shi. 225/65R17 tsayinsa milimita 724. In ya koma 235/65R17 ya zama 737, wato motar ta tashi da milimita shida da rabi kacal. In 245/65R17 ne ya zama 750, ta tashi da milimita 13, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi uku da rabi, kuma yana iya gogar roba in an murɗe sitiyari har ƙarshe. Ni da ni ne, zan tsaya a girman asali ko 235.

Ɗan Kwatano:
A/T a baƙar laka ai minti ɗaya ya cika ya zama sumul kamar ƙwai. Ku 'yan boko komai sai lissafi.

Injiniya:
A nan kam gaskiyarka ne, a laka mai danƙo A/T yana toshewa. Ban ce zai mayar da ita Land Cruiser ba. Cewa na yi shi ne abin da motar za ta iya ɗauka ba tare da an kashe amfaninta ba.

Baba Direba:
'Ya'yana ku dakata in ce wani abu, jikana ne yake rubuta min. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina jan mota, goma daga ciki tsakanin Maiduguri, Dikwa da Gamborun Ngala, ƙasar firgi, baƙar ƙasa mai danƙo. Wanda bai shiga firgi da damina ba bai san laka ba. Duk kuna ta maganar taya, ba wanda ya tambayi Alhaji wane irin taɓo ne. Taɓo iri biyu ne. Akwai santsi, wato sama ta jiƙe amma in ka soka sanda, taƙi ɗaya ka tarar da ƙasa mai ƙarfi. Wannan taya mai kyau da hannu mai sanyi suna wuce shi. Akwai kuma mai zurfi, sanda ta shige har gwiwa ba ta taɓa komai ba. Wannan ko me ka sa wa ƙaramar mota, cikinta zai zauna, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Alhaji, da ta kafe, cikinta ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?

Manomin Fadama:
Baba, na farko bai taɓa ba, zamewa kawai take. Na biyu kam ta zauna daram, don na bi sawun tarakta ne, na ɗauka nan ne ƙasa ta fi dannuwa.

Baba Direba:
Nan ka yi kuskure. Sawun tarakta na tarakta ne. Tayanta ya fi ƙugunka tsawo, in ta wuce sai ta bar rami biyu da tudu a tsakiya. Kai da ka zura tayoyinka a ramukan, tudun nan ya tokare maka ciki. Ka riƙa hawa da taya ɗaya kan tudun tsakiya, ɗaya a gefe, in hanya ta ba da dama. Kuma kada ka ji nauyin fita ka tattare wando ka taka da ƙafa tukuna. Mu da manyan motoci ma yaron mota ne yake shiga gaba da sanda.

In ka shiga, kada ka tsaya, kada kuma ka yi gudu. Tafiya ɗaya, ƙafa ɗaya a totur. In ka ji tana rage tafiya, ka riƙa ɗan kaɗa sitiyari hagu da dama da sauri, kaɗan-kaɗan, gefen taya ya samu abin cizo. In ta tsaya cak, ɗage ƙafarka nan take. Duk juyin da taya ya yi bayan nan kabarinta kake haƙa mata. Sai kuma lokaci. In an kwana ana ruwa, kada ka yi sammako. Bari rana ta duka zuwa azahar, hanyar da ta gagara da safe sai ka wuce ta da la'asar kamar ba ita ba.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wannan karatu ne. Ni Highlander Hybrid ce da ni ta 2013, aikin rigakafi yana kai ni ƙauyuka damina da rani. Abin da ya canza min rayuwa ba wani babban abu ba ne, rage iska ne. In zan sauka daga kwalta sai in sauke ta zuwa 22, taya ya baje ya kama ƙasa. In na fito, ina da ƙaramin famfon lantarki, minti goma na mayar. Da farko direbobin wurin aiki dariya suke min, yanzu aron famfon suke.

Manomin Fadama:
Hajiya 22 bai yi ƙasa ba? Ba ya lalata taya?

Maman Hanifa:
In ka hau kwalta da shi kana gudu, zai yi zafi ya lalace, har fashewa yana yi. Amma a taɓo da kake tafiyar hawainiya ba komai. Kada dai ka sauka ƙasa da 18, don in ka murɗa da ƙarfi taya na iya zamewa daga bakin wili. Kuma ka sayi geji naka na kanka, na masu faci kowanne da abin da yake nunawa.

Injiniya:
Ƙari a kan na Hajiya: rage iska yana ɗan sauke motar, don haka maganin santsi ne, ba maganin zurfi ba. Kuma Alhaji ka yi sa'a wilinka 17 ne. Masu 18 da 19 ba su da naman taya da yawa da za su yi wasa da shi.

Manomin Fadama:
To batun totur ɗin da take ƙin amsawa fa? Na ɗauka wani abu ne ya lalace, har na sa an sa mata kwamfuta ba a ga komai ba.

Oga Rewaya:
Lafiyarta ƙalau. Na'urar hana zamewa ce, wadda suke rubutawa TRAC. Da ta ji taya yana juyawa fiye da tafiyar mota sai ta rage ƙarfi ta taka masa birki. A jiƙaƙƙiyar kwalta rai take ceto, amma a laka sai ta kashe maka tafiya daidai lokacin da kake buƙatarta, kuma taya ba ya samun juyin da zai watsar da lakar da ta cika masa zane. Akwai maɓalli mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta. Danna sau ɗaya, TRAC ya mutu. In ka riƙe shi daƙiƙa uku mota na tsaye, har da na'urar daidaita mota yake kashewa, wannan ba ka buƙatarsa. Littafin motar da kansa ya ce a kashe TRAC in an kafe a laka. In ka fito ka mayar.

Sannan taka tana da maɓallin Trail kusa da giya, waɗanda suka gabaci 2019 ba su da shi. Aikinsa, in taya ɗaya yana juyawa a banza, sai ya matse shi da birki, ƙarfi ya koma ɗan'uwansa. Ya fi amfani inda gefe ɗaya ke cikin santsi ɗaya a busasshe, ko taya ɗaya ya ɗage sama. In ka ji gurnani da ƙaƙaƙaƙa kada ka tsorata ka saki totur, aikin ke nan, ka riƙe ƙafarka a wuri ɗaya ka ba shi daƙiƙoƙi.

Ɗan Kwatano:
To wanne zai danna ke nan? Ka ba shi biyu.

Oga Rewaya:
Ya fara da Trail, shi zai wadatar a yawancin wurare. In tayoyi huɗun duk suna cikin caɓi iri ɗaya kuma tana shaƙe masa ƙarfi, ya kashe TRAC. Ya je wani fili mai ɗan taɓo kusa da gari ya gwada duka biyun ranar da ba ya sauri, ba sai ya je tsakiyar fadama da magariba ba.

Maman Hanifa:
Oga, an ce min in batirin haibirid ya sauka tayoyin baya ba sa ja. Gaskiya ne?

Oga Rewaya:
Ba haka ba ne Hajiya. In batir ya yi ƙasa injin fetur yana tashi ya juya janareta, wuta ta ci gaba da zuwa. Sai dai shiga da batir a cike ya fi, don a nan take samun ƙarfin farat ɗaya. Abu biyu da ya kamata ku sani: a giyar N batirin ba ya caji ko inji na aiki, don haka in kun kafe kuna jiran taimako ku sa ta a P. Na biyu, motocin nan ba su da giyar baya irin wadda aka sani, lantarki ne zalla yake mayar da su baya. Shi ya sa ja da baya a laka ba ta da ƙarfin da take da shi gaba. Kada mutum ya kutsa da tunanin in ta ƙi sai in dawo da baya.

In kuma aka daɗe ana gurza ta, tana iya rubuta cewa ta yi zafi ta rage ƙarfi da kanta. A bar ta ta huce. Kada a ce za a yi mata dole.

Sarkin Zolaya:
Mota mai fushi ke nan, sai an lallashe ta kamar amarya.

Manomin Fadama:
Kai dai Allah ya shirye ka. Injiniya, ba ka ce komai a kan ɗagawa ba.

Injiniya:
Tsayin cikinta daga ƙasa inci 8.1 ne a takarda, kamar santimita 20 da rabi, babu kaya ke nan. Da takinka a baya ka cinye wani abu a ciki. Ana sa zobba a saman shokozoba a ɗaga ta inci ɗaya da rabi, kusan santimita huɗu, kuma ribar gaskiya ce, ciki yana tashi. Farashinsa shi ne shaf-shaf ɗinta za su riƙa aiki a karkace, robobinsu su riƙa saurin yagewa, kuma dole a sake saita tayoyi a wurin da ke da na'ura, in ba haka ba sabbin tayoyin za su cinye ta gefe ɗaya. Fiye da inci ɗaya da rabi ban ba da shawara ba. Zobban kuma a samo waɗanda aka ƙera don motar. Na taɓa ganin wanda aka yanka masa tsohon taya aka cusa, Allah ne ya kiyaye.

Ni a jerina ɗagawa ce ta ƙarshe. Kafin ita akwai farantin ƙarfe ko alminiyam a ƙarƙashin inji, domin abin da ke can roba ce da aka sa don iska ta riƙa wucewa sumul, laka tana cika ta ta yage ta.

Ɗan Kwatano:
Kun ga ai kun dawo kan maganata a hankali. A ƙara da janwe na lantarki a gaba, shi ke nan ya huta da yaran tarakta.

Oga Rewaya:
Wannan kam a'a. Janwen lantarki in yana ja da gaske yana zuƙar amfiya ɗari uku zuwa sama. Motar nan ba ta da altaneta, ba ta da kik. Ƙaramin batir ne mai bolt 12 a baya, aikinsa tayar da kwamfutoci, wata na'ura ce take cika shi daga babban batir. Ka ɗora mata wannan nauyin, in ta ƙone kuɗinta ya fi na tayoyin duka. Sannan a ina za ka ɗaure shi a gaban da roba ce? In dole sai janwe, na hannu ya saya. A fadama ma wace bishiya zai ɗaura wa?

Baba Direba:
Shebur ya fi janwe. Shebur, katako biyu masu kauri, da faffaɗan katako na ɗora jak don kada ya nutse. Ka kwashe lakar da ke gaban tayoyi da wadda ta tokare ciki, ka ɗaga, ka cusa katako ko kirare ko karan dawa. Wurin masu shinkafa ma ga buntu, buhu biyu a ƙarƙashin taya yana aiki. Kafin duk wannan ka sauke kaya da mutane. Sau da yawa da an sauke, turi kaɗan ta fita. Kuma kada kowa ya tsaya daidai bayan taya, katako yana fita kamar kibiya.

Maman Hanifa:
Akwai allunan roba masu ƙuraje da ake sayarwa don wannan, nawa biyu ne, sun fi katako sauƙin ɗauka da wankewa. Amma kada a bar taya ya yi ta juyawa a kansu, narkewa suke.

Ina so in ja kunne a kan ruwa, don na ɗanɗana. Shekara biyu da suka wuce na faɗa wani kwari da na saba wucewa, ashe an yi ruwa a sama, ruwa ya shigo har kan kafet. Batirin motocinmu a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma ƙofar da yake shan iska tana nan ƙasa-ƙasa. Allah ya taimake ni bai kai can ba, amma kwana uku kujeru suna waje ana shanya. Tun daga nan in ruwa ya kai tsakiyar wili ba na shiga, ko wa zai yi min dariya.

Oga Rewaya:
Hajiya kin taɓo inda ya fi komai tsada. Ba wai ruwa na taɓa ta wuta za ta ja mutum ba, an rufe wayoyin da kyau kuma in ta ji yoyon wuta tana katse kanta. Asarar ce babba. In ruwa ya shiga ciki kada a sake kunna ta, a ɗauke ta. A ɗauke na ce, a kan mota mai shimfiɗa, tayoyi huɗu a sama. Mai jan taya huɗu ta lantarki in aka ja ta da nisa tayoyi na gudu a ƙasa, motocin lantarkin suna haifar da wuta ba inda za ta, ana iya ƙona abubuwa. Fizgo ta daga rami 'yan taku ba laifi, jan ta daga Auyo zuwa Hadeja da igiya ne ba a yi.

Wanki kuma wajibi ne duk ranar da aka shiga laka. A wanke lagireto, don in laka ta bushe a jikinsa ga inji ga na'urar wuta duk za su yi zafi. A wanke cikin wili, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a kwalta ka ɗauka wani abu ne ya karye. A wanke wajen motar lantarki ta baya, musamman inda wayar nan mai ruwan lemo ta shiga. A Kanada an yi ta ƙorafi a kan wannan mahaɗar a samfurin 2019 zuwa 2021, tana tsatsa saboda gishirin da suke zubawa a titi da sanyi. Mu ba mu da gishiri a titi, amma motocinmu daga can suke zuwa, kuma jiƙaƙƙiyar laka in ta kwanta a wuri ba alheri take ba. A gaya wa yaron wanki kada ya kafa bakin injin feshi daf da mahaɗar, ruwa a hankali ya isa. Hannu kuma kada ya kai kan wayar lemo, nasa ko na bakaniken da bai san haibirid ba.

Manomin Fadama:
Allah ya saka. Saura ɗaya: in ta sake kafewa, ina za a ɗaura igiya? Ba na son a maimaita min ta rannan.

Injiniya:
Ba a hannun taya ba, ba a shaf ba, ba a komai na ƙafa ba. Duba littafin motar ka ga ko akwai wurin da aka tanada. Mafi kyau ka sa a ɗaura mata ƙarfen jan tirela na asali a baya, wanda ake kafewa da kusoshi a jikin firam, ka sa masa mari. Amma kada a rataya igiya a kan ƙwallon tirela, in ya ɓalle yana kisa. Ka sayi igiyar ja ta zare mai faɗi ka ajiye sarƙa. Mai tarakta kuma ka tsaya a kansa, ya miƙe igiya tukuna sannan ya ja a hankali, kai kana ciki mota na kunne kana taimaka masa. Bayan an haƙe fa, ba kafin ba.

Malamin Gona:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Alhaji, ni maƙwabcinka ne a noma, ta wajen Kafin Hausa nake. Ko Hilux ɗin ma'aikata in Agusta ta raba tsakiya a bakin kwalta suke ajiye ta su hau babur. Takin nan me ya sa ba ka kai shi tun Yuni ba? In kuma ya zama dole yanzu, amalanken shanu ba ta taɓa kafewa inda taka ta kafe ba, kuma kuɗinta bai kai na robar da aka fizge maka ba.

Manomin Fadama:
Malam ka faɗi gaskiya mai ɗaci. Kuɗin takin ne bai zo da wuri ba.

Admin:
An liƙa wannan zaren a sama saboda masu irin motar. Masu tallan taya a daina turowa nan, akwai ranar talla.

Manomin Fadama:
Salam jama'a, kwana goma sha biyu ke nan, na dawo da rahoto. Na sa A/T guda huɗu a girman asali. Oga ya ce in duba lambobi huɗun da ke gefe, na farko da aka kawo min 2319 ne a jiki, wato an ƙera shi a satin 23 na 2019, na ce a mayar, aka kawo na bara. Na sayi geji da famfo da shebur da igiya. Ban ɗaga ta ba, faranti kuma ana kan nema.

Jiya an kwana ana ruwa, na bi maganar Baba na bari sai bayan azahar. A bakin burji na sauke iska zuwa 23, na danna Trail. Wurin da na fara kafewa na wuce shi ban ma ji ba, sai ɗan kaɗa gindi da ta yi. Wuri na biyu na fita na soka sanda, ta shige har ta wuce gwiwa. Na juya na ajiye ta a ƙofar gidan mai unguwa, na hau bayan babur na ƙarasa kilomita biyun. Sauran takin amalanke ta kai shi da safe.

Mai kuwa ta ɗan ƙara sha, dawowa Kano ta nuna min 15 da ɗigo, kuma akwai ɗan ƙugi daga 90 zuwa sama.

Ɗan Kwatano:
Da ka ɗaga ta ka sa M/T da ka wuce.

Baba Direba:
Sanda har gwiwa? Da ya wuce wurin mai tarakta dai.

Maman Hanifa:
Alhaji ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta ko?

Manomin Fadama:
Na mayar Hajiya, amma famfon nan ya yi zafi ya tsaya a taya na uku, sai da na jira shi ya huce. Naki wane iri ne, mai shiga wurin caji ko mai kama batir kai tsaye?